Abin da ke tsawaita tafiyar mota daga Legas zuwa Kano

Tazarar Legas da Kano kusan kilomita 1,000 ce, amma fasinjan babbar bas yakan kwana a hanya. Hanya mafi kusa ita ce ta Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, a ɓulla Birnin Gwari zuwa Kaduna. Sai dai fargabar 'yan bindiga ta sa direbobi da dama suna zagayawa ta Lokoja da Abuja, ga kuma ramuka da shingayen bincike.

Kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Duk da haka ƙananan 'yan kasuwa ba su daina bin bas ba, domin tana ɗaukar su da kayansu a farashin da bai kai na jirgin sama ba.