Shirin Musamman: Aƙidun Siyasa a Bakin Sikelin Gyaɗa

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraro, na Guci da Dungas da Magariya, da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Babura da Maigatari. 

Yau zancenmu kan manyan kalmomin nan ne da ɗalibanmu ke haddacewa a makarantu: jari-hujja, gurguzu, kishin ƙasa. Wani dattijo zai ce, wannan ai karatun Turawa ne, ina ruwan manomi da shi? To Baba, biyo ni mu je bakin sikelin gyaɗa, don nan ne aƙidun nan suka fara samun kakanninmu.

(Kiɗa)

Jari-hujja ta ce a sakar wa kasuwa mara, mai jari ya juya dukiyarsa ya nemi riba. Adam Smith na ƙasar Sikotilan ya shimfiɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1776. Amma a ƙasarmu ta iso ne tare da mulkin mallaka. Manomi ya noma gyaɗa don ya biya haraji, kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA su saya su yi waje da ita. Gumi na manomi, farashi kuwa a hannun mai sikeli.

Gurguzu ta tashi ne don amsa irin wannan kuka. Karl Marx da abokinsa Engels sun fitar da sanarwarsu a 1848, suna kira ga masu aikin ƙarfi su haɗa kai su riƙe abin da suke samarwa. Rasha ta rungumi aƙidar a 1917, Sin a 1949. A ƙasar Hausa kuwa, ra'ayin ƴantar da talaka ya samu suna na gida: Sawaba. A Kano an kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. A Nijar, Djibo Bakary ya tara ƴan ƙwadago da direbobi da ƙananan ƴan kasuwa, kuma Damagaram na cikin wuraren da jam'iyyarsa ta Sawaba ta yi ƙarfi.

Ranar 28 ga Satumba 1958 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Sawaba ta ce a'a, a ba mu ƴanci yanzu. RDA ta Diori Hamani ta ce i, a zauna da Faransa tukuna. I ta yi rinjaye, a 1959 aka haramta Sawaba. Wasu ƴaƴanta suka ƙetara Kano, ƴan NEPU suka karɓe su. Wasu suka je horon soja Gana da Aljeriya da Sin, suka dawo da makamai a 1964, aka murƙushe su. Jini ya zuba, gidaje sun yi makoki. Aƙida ba wasan baki ba ce.

(Kiɗa)

Mu koma sikeli. A 1962 gwamnatin Diori ta kafa SONARA don ƙasa ta riƙe cinikin gyaɗa. Sikeli ya bar hannun kamfani ya koma hannun hukuma, amma jam'iyya ɗaya ce ke magana, har Seyni Kountché ya kifar da ita ranar 15 ga Afrilu 1974. Daga baya Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka zo da sharuɗɗa: gwamnati ta janye hannu, kasuwa ta yi halinta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk mai cinikin naira da sefa a wancan lokaci ya ji a aljihunsa.

Taron Ƙasa na 1991 ya kafa dimokuraɗiyya mai jam'iyyu da yawa, har ɗan Damagaram, Mahamane Ousmane, ya ci zaɓen 1993. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, kalmar da ke bakin kowa ita ce kishin ƙasa da cin gashin kai.

Masu sauraro, musamman ku matasa: karatun aƙida ba haddar sunaye ba ne. Kowace aka kawo muku, ko daga littafi, ko daga bakin ɗan siyasa, ko ta wayar salula, ku ɗora ta kan sikeli da tambayoyi uku. Wa ke riƙe da dukiya? Wa ke yanke farashi? In an zalunci talaka, wa zai kai wa kuka? Kakanninmu sun biya tsadar amsoshin nan da gumi da jini, bai kamata mu gaje su da ido rufe ba.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wani jiƙon.

(Kiɗan rufewa)