Fich A Kasko: Abin Da Rana Ba Ta Ƙarasa Ba, Wuta Ta Ƙarasa

Duk wanda ya saba shiga manyan kantunan Abuja ko Kano, ko ya zaga kasuwannin Makka da Madina a lokacin zafi, da wuya a ce bai ci karo da wani ɗan itace mai girman tuffa ba, launinsa tsakanin ja da ruwan ɗorawa, fatarsa da laushin gashi kamar karan-miski. Turawan Ingila na kiransa fich, Larabawa kuma khaukh. Mutane da dama sun saye shi da tsada, suka gatsa, suka ji shi garas-garas babu zaƙi, daga nan suka yanke masa hukuncin cewa kyan ɗan maciji ne kawai. A ganina an yi gaggawar hukunci.

Fich a kan bishiya yake tara zaƙinsa. Da zarar an tsinke shi, to zai ci gaba da laushi, amma sukarinsa ba ya ƙaruwa. Wanda ya nuna sosai kuwa ba ya jure doguwar tafiya, kwana kaɗan ya dame. Saboda haka manoman da ke aikawa da shi ƙasashen nesa tun da sauran ƙarfinsa suke cire shi, sannan ya shafe makonni cikin sanyi kafin ya iso hannun mai saye. Mu kuwa ba mu da zaɓin zuwa gindin bishiya, domin yawancin irinsa na buƙatar ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce maki 7 a ma'aunin Salshiyas ba kafin ya yi fure, abin da hunturunmu ba ya bayarwa.

Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka fara nomansa shekaru dubbai da suka shige, kuma har gobe ita ke samar da fiye da rabin wanda duniya ke ci. Rumawa sun zaci daga Farisa ya fito, shi ya sa sunansa na kimiyya ke ɗauke da sunan Farisa. Sifaniya da Italiya da Turkiyya da Girka na cikin manyan masu nomansa, haka ma Amurka, inda jihar Jojiya ke tinƙaho da shi duk da cewa Kalifoniya ta fi ta samarwa nesa ba kusa ba. A gidajen waɗannan ƙasashe, idan uwargida ta ga fich ɗinta bai kai yadda take so ba, ba ta zubarwa. Kasko take ɗorawa.

Hikimar ba baƙuwa ba ce ga duk wadda ta taɓa yin kantun riɗi ko alewar gyaɗa. Sukari idan ya sha wuta ya kai wajen maki 160, sai ya narke, ya soma rikiɗa zuwa ruwan zuma, ya fitar da ƙamshi da ɗan ɗaci mai daɗi waɗanda babu su a farin sukari. Matsalar ita ce fich kusan kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, ruwa kuwa a maki 100 yake tafasa, ba ya wucewa. Muddin kaskon na cike da ruwa, dahuwa ake yi ba suya ba, kuma launin da ake nema ba zai taɓa fitowa ba. Nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa.

Don haka a zaɓi wanda idan aka danna shi da yatsa zai ɗan lotsa kaɗan, ba mai tauri kamar dutse ba, ba kuma wanda ya yi luguf ba. A bi tsagar da ke jikinsa da wuƙa a zagaye, a murɗa, ya rabu biyu, a cire ƙwallon. Akwai irin da ƙwallonsa ke fita salin-alin, akwai kuma wanda ke manne da tsoka, shi sai an yanka shi gida huɗu an ɓanɓare. Ba sai an fere ba, fatar ce ke riƙe shi kada ya watse. A goge fuskar da aka yanka da tsumma mai tsabta ta bushe.

Ga fich guda 4, cokalin cin abinci 2 na bota da 3 na sukari sun wadatar. Man shanu ma ya yi, ya ma fi bota jure zafi, da sharaɗin ba wanda aka soya da albasa ba ne. Kasko mai kauri ake so, mai faɗin da kowane yanki zai kwanta ba tare da ya hau ɗan'uwansa ba. A sa wuta matsakaiciya, man ya narke, a barbaɗa sukarin a ko'ina, a jira ya soma kumfa yana canza launi. Sai a kifa yankunan, fuskar da aka yanka tana ƙasa.

Daga nan aikin da ya rage shi ne mafi wuya, wato cire hannu. Kada a juya, kada a motsa, kada a rufe da murfi, har minti 4 zuwa 5. Murfi tururi yake mayarwa ciki, yawan juyawa kuma fitar da ruwa yake yi ya huce kaskon. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Idan aka ɗaga gefen guda ɗaya aka ga ya yi launin mazarƙwaila, sai a juya, a ba bayan minti 2 ko 3, ana ɗibar romon da cokali ana kwarara masa. A sauke, a matsa lemon tsami kaɗan, a sa ɗan gishiri da garin kirfa ko citta. Gishirin nan kada a raina shi, shi ke hana zaƙin ginsa.

Mai girki da gawayi ta rage garwashin tun kafin ta zuba sukari, domin tsakanin launin zuma da ƙonewa ƙurmus daƙiƙoƙi ne kawai, kuma ƙonannen sukari ba shi da gyara sai dai a wanke kasko a sake. Mai son amfani da zuma ta jira sai dab da saukewa, don ta fi sukari saurin ƙonewa. Wadda kuma na gwangwani ta samu, ta tsiyaye ruwan sarai, ta goge shi, ta rage sukarin zuwa cokali ɗaya da lokacin zuwa rabi, tunda an riga an dafa shi cikin zaƙi.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi sosai, ga shi yana manne wa fata. A kore yara daga madafa, kada kuma a ɗanɗana da yatsa. Idan tsautsayi ya sa ya fallatsa, a tara wurin a ruwan sanyi na tsawon minti 20, a bar batun shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Haka nan a zubar da ƙwallayen nesa da yara, domin ɗan da ke ciki mai kama da gyaɗa na ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama guba a ciki. Mai ciwon sukari kuwa zai iya gasa nasa da mai kaɗai, zai yi launi ko da bai kai na sauran ba.

Turawa da askirim suke haɗa shi, zafi da sanyi a cokali guda. Ni dai na fi ganin dacewarsa da kindirmo mai sanyi wanda ba a sa wa sukari ba, tsaminsa na yanke zaƙin. A ci da ɗuminsa, domin idan ya huce romon daskarewa yake yi.