Na Koma Farautar Duwatsu Bayan Wata Goma Ina Jinya

Na san an jima ba a ji ni ba, wasu ma har sun biyo ni ta akwatin saƙo suna tambaya ko aure na yi na ɓace. Ba aure ba ne wallahi, tarin tibi ne ya kwantar da ni. Alhamdulillahi na warke, kuma makon jiya na yi abin da na fi kewa duk tsawon jinyar nan, na fita neman burbushin halittun da suka zama dutse. Kan wannan za mu yi hirar yau.

Bari in fara da ciwon a gurguje, don wani ya amfana. Tari ne da ya ƙi ƙarewa, ga zufar dare, ga rama. Na yi makonni ina sayen maganin tari a kemis kafin na yarda aka yi mini gwajin kaki. Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin da aka ware, kuma wata shida ake sha kullum ba fashi. A wata na biyu za ka ji ka dawo garau, kuma nan ne mutane suke yaudarar kansu su daina. Wanda ya daina yana iya jawo wa kansa nau'in da ba ya jin magani. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin yakan mayar da fitsari ja-ja, ranar farko na tsorata ba kaɗan ba. Na gama wata shida, na ƙara huɗu ina neman ƙarfin jikina.

To, me nake nema a duwatsu? Inna ma tambayar da take mini ke nan: "Kai dai mi kaka biɗa cikin tsakuwa?"

Sakkwato ta fi kilomita 700 nesa da teku. Amma in ka je wajen Kalambaina ka ɗauki farin dutsen nan da ake yin siminti da shi, ka duba da kyau, za ka ga siffar katantanwa da ƙwanson halittun ruwan gishiri a jikinsa. Dalili shi ne teku ya taɓa kwanciya a nan. Wajen shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya riƙa shigowa daga arewa, ya ratso inda Sahara take yau, ya malale yankin da ya haɗa Mali da Nijar da Sakkwato, ya ja baya, ya sake dawowa. Kowane zuwa sai ya bar shimfiɗar laka ko yashi ko ɓawon halittu, wata kan wata, kamar an jera tabarmi. Masana sun raɗa wa shimfiɗun sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, sannan a samansu Dange da Kalambaina. Duk littafin ilimin duwatsun Najeriya da ka buɗe za ka ga sunayen nan, mu kuwa muna wuce garuruwan a mota ba mu sani ba.

Yadda abu mai rai yake zama dutse ba wani siddabaru ba ne, amma ba kasafai yake faruwa ba. Akasarin abin da ya mutu ruɓewa yake, ko wani ya cinye shi. Sai wanda laka ta rufe da wuri, kafin iska da masu cin mushe su gama da shi. Nama ya tafi, ƙashi ya saura. Ruwan da ke tsatsafowa ta cikin lakar yana ɗauke da ma'adinai, su ne suke cika ƙananan ramukan ƙashin a hankali har ya yi nauyi ya taurare. Wani lokaci kuma ƙwanson da kansa narkewa yake, sai lakar da ta cika cikinsa ta daskare ta riƙe siffar, kamar bulo da aka zare daga akwatin bugu. Yawancin katantanwar da nake tsinta irin wannan ce. Ba ita kanta ba ce, cikon cikinta ne.

Abin da ya fi burge ni a duwatsun Sakkwato shi ne sun kama ɓangare biyu na babban tashin hankalin da duniya ta gani shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko, dainoso da halittu masu ɗimbin yawa suka ƙare. Shimfiɗar Dukamaje ta gabaci wannan rana, Dange da Kalambaina kuma bayanta suka kwanta. A Dukamaje aka samo ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, irin waɗanda ake kira mosaso. Ba dainoso ba ne, danginsa na kusa a yau su ne guza da damo da macizai. Wani Bature mai suna Swinton ya fara bayaninsa a 1930, sannan a 1972 wasu masana 'yan Italiya suka gane jinsi ne na daban, suka sa masa suna Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Akwai kuma wani kada da aka kira Sokotosuchus a 1975. In ka hau sama zuwa Dange da Kalambaina, mosaso babu shi, ya tafi har abada, amma kifaye da katantanwa suna nan. Ka tsaya gaban gangare ɗaya, tarihin duniya a jere daga ƙasa zuwa sama.

Na san wani zai rubuto ya ce, wa ya ƙirga miliyoyin nan? Tambaya ce mai kyau. Akwai ma'adinan da ke rikiɗewa daga wani nau'i zuwa wani da saurin da aka auna aka sani, musamman a tokar aman wuta. Inda aka samu irin tokar tsakanin shimfiɗu, sai a auna shekarunta. Sannan a kwatanta halittun da ke shimfiɗar can da na nan, in iri ɗaya ne, zamaninsu ɗaya. Ni dai ban taɓa jin wannan ya taɓa imanina ba. Kallon aikin Ubangiji ne, kuma ƙara mini tsoronsa yake.

'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu rabo a nan, gaskiya. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere gabas da Agadas, dainoso na gaske ake tonowa, na shekara sama da miliyan 100. Can aka samo Nigersaurus mai haƙora fiye da 500, wanda Paul Sereno ya sa wa suna a 1999, da Ouranosaurus da Bafaranshe Philippe Taquet ya bayyana a 1976, da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Wanda ya je Yamai ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama zai ga ƙwarangwal a tsaye da idonsa.

Mu dawo kan fitar tawa. Ban je Goronyo ko Wurno ba, kowa ya san halin tsaron gabashin Sakkwato, kuma babu dutsen da ya kai ran mutum. Kusa da gari na tsaya, wani kwazazzabo da na saba, tare da abokina, bayan mun gaida mai gonar mun nemi izini. Ƙarshen damina shi ne lokacin, don ruwa ya wanke gangare ya fito da sabon abu, kuma ƙurar hunturu ba ta sauko ba tukuna. Gangaren da nake hayewa a guje da, sai da na zauna sau uku. Numfashi ya ƙi isa. A zama na biyu har na fara tunanin ko shi ke nan, na yi sallama da abin nan.

Jinyar ta canja mini salo. Da guduma nake zuwa ina fasa dutse kamar mai neman zinariya. Yanzu likita ya gargaɗe ni da ƙura, huhun da ya yi tibi ba ya son wasa, don haka takunkumi na fuskata, gudumar tana gida. Tsugune nake yi ina bin ƙasa da ido. Akwai wata dabara da masu wannan harka suke yi, su ɗora abu a harshe, in ya ɗan manne to ƙashi ne, saboda ramukansa suna tsotse yawu. Wannan kam na tuba. Ido ya isa: ƙashi yana da ƙananan huji kamar soso a inda ya karye, dutse ba shi da su.

A zama na uku ne na gan ta kusa da takalmina. Ɗan dutse mai kamar ƙaramin goro, a bayansa zanen fure mai ganye biyar. Bushiyar teku ce, ƙayoyinta sun zube tun zamanin da babu ɗan Adam, sai jikin. Na sha wuce wurin nan da sauri a baya. Ban san sau nawa na taka irinta ba.

Sai dai akwai asarar da na yi, kuma ita ce babban dalilin shirin nan. Da aka gano ciwona, aka fitar da kayan ɗakina don iska ta riƙa shiga. Ƙanena, da kyakkyawar niyya, ya juye duwatsuna na shekara huɗu cikin bokiti ɗaya, ya zubar da 'yan takardun da na naɗe kowanne da su, a zatonsa shara ce. A takardun nan na rubuta inda na tsinci kowane dutse, da rana, da shimfiɗar da ya fito. Yanzu ina da haƙoran kifin shak goma sha ɗaya, ban san wanne ne na kafin miliyan 66 ba, wanne ne na baya. A wurin masani sun zama kayan ado. Laifina ne, da tun farko na rubuta lamba a jikin kowanne na shigar a littafi.

Don haka in ka tsinci wani abu, kafin ka ɗaga shi ka ɗauke shi hoto a inda yake, ka ajiye biro ko makulli a gefensa don a ga girmansa, ka adana wurin a taswirar wayarka. In kuwa ƙasusuwa ne a jere, kada ka tona ko kaɗan. Yadda suke kwance shi ne rabin labarin, kuma ƙashin da ya kwana miliyoyin shekaru a laka yana iya rugujewa a hannunka cikin minti ɗaya. Ka kai hoton sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ke kusa da kai. Kada ka raina kanka don ba ka karanta fannin ba. Mary Anning ta Ingila 'yar kafinta ce, ba ta yi jami'a ba, tana 'yar shekara 12 ita da yayanta suka tono wani ƙaton dabbar teku a gaɓar garinsu, kuma har yau ana nuna abubuwan da ta samo a Landan.

Bushiyar tekun nan yanzu ita ce lamba 1 a sabon littafina, na rubuta lambar da farin fenti a ƙasanta, na kuma tura hoton shafin zuwa imel ɗina. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma, da asuba, kafin rana ta buɗe. Wanda yake da irin duwatsun nan a gida, musamman mutanen Dange da Wamakko, ya ajiye mana hoto a ƙasan rubutun nan tare da sunan garin da aka tsince shi, mu duba tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.