Zaɓen Na'urar Sauraron Faifan CD a Ƙasar Gobir

A gidaje da dama na Sabon Birni da Isa akwai akwati cike da faifan CD. Waɗansu na waƙoƙin mawaƙan ikilisiya ne da na zumuntar mata, waɗansu na wa'azi, waɗansu kuwa na makaɗan fada, musamman Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir Ahmadu na Isa. Wayar hannu da memori sun kori faifai daga kasuwa, amma mai faifai ɗari biyu ba zai zubar da su ba, gama a cikinsu akwai muryoyin da ba lalle a same su a wani wuri ba. To, in mutum ya tara kuɗi yana so ya ji faifansa da kyau, me zai saya?

Bari mu fara da faifan kansa. Kamfanonin Philips da Sony ne suka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. Faɗinsa santimita 12, yana ɗaukar sauti na minti 74 zuwa 80. Ba allura ke karanta shi ba kamar garmaho, hasken leza ne, yana farawa daga tsakiya zuwa baki. An auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa aka adana shi a lambobi, kuma wannan ya isa ya ɗauke duk abin da kunnen mutum ke iya ji.

Kayan sauraro kashi uku ne: na'urar da ke juya faifai, amfilifaya mai ƙara wa sauti ƙarfi, da lasifika biyu. Masu saye sukan zuba kuɗinsu a kan na farko domin shi ne mai fitilu da maɓallai. A ganinmu wannan kuskure ne. Na'urar faifai mai matsakaicin kuɗi ta Marantz, Denon ko Yamaha da wadda ta ninka ta sau biyar a tsada, bambancinsu kaɗan ne a kunne. Amma lasifika biyu daban, ko ɗan aji ɗaya zai rarrabe su. Saboda haka wajen rabin kuɗin ya tafi ga lasifika.

A nan ne kuma ake ruɗin mutane. Za ka ga kwali an rubuta wat 3,000 da manyan baƙaƙe, kusa da shi an sa PMPO. Wannan lissafin talla ne kawai. Ka nemi inda aka rubuta RMS, shi ne ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a kai a kai. Wat 40 zuwa 60 a kowane gefe ya ishi ɗakin zama. Ɗalibanmu na kimiyya za su tuna cewa ninka wat sau biyu ƙarin desibel 3 kaɗai yake kawowa, sai an ninka kusan sau goma kafin kunne ya ce ƙarar ta ninku. A duba bayan lasifika kuma, za a ga om 4, 6 ko 8. In amfilifaya ba ta yarda da om 4 ba aka haɗa mata, za ta yi zafi, a bazarar ƙasarmu kuwa ba ta bukatar ƙarin zafi.

Kada ka gwada lasifika da faifan mai shago. Shi zai sa kiɗa mai dukan ƙirji, ya murɗa maɓallin ƙasa har ƙarshe, ka ji tagogi suna rawa ka ce ka sami kaya. Ka tafi da faifanka wanda ka sani kamar yunwar cikinka, ka mai da maɓallan duka tsakiya, ka rage ƙara. Mu dai ba mu san ma'aunin da ya fi waƙar Narambaɗa ba. Ka saurara ko muryarsa ta fita daban da ta 'yan amshi, ko kana jin kowace kalma ta Gobirci ba tare da ka karkata kai ba, ko kotso ya fito da kaifinsa na bugun hannu ko kuwa ya zama gunji kamar na tsawa daga nesa. Waƙar fada magana ce, wanda bai ji kalmomin ba bai ji waƙar ba. Haka ma waƙar mawaƙa masu murya huɗu: in muryoyin sun cakuɗe sun zama kunu, ka bar lasifikar a shago komai kyan katakonta.

Sai dai mu faɗi gaskiya, na'ura ba ta ƙara abin da babu a faifai. An ɗauki muryar Narambaɗa fiye da shekara 60 da suka wuce, ta bi ta tef da kaset kafin ta iso faifai. Lasifika mai kyau za ta fito da shuuu ɗin kaset ɗin tare da muryar. Faifai da yawa na kasuwa kuma MP3 ne, wato an matse sautin. Wanda aka matse a kilobit 128 kusan kashi ɗaya ne cikin goma sha ɗaya na abin da CD na ainihi ke ɗauka, wato 1,411. Ba kowace na'ura mai tsada ce ma ke karanta irinsu ba, sai a gwada kafin a biya.

Abin da ke kashe kaya a wurinmu wuta ce da ƙura. Wutar Nijeriya bolt 230 ce. Kayan gwanjo na Amurka bolt 120 suke sha, na Japan 100. In aka cusa su kai tsaye, hayaƙi ne zai amsa. Waɗanda suka shigo ta Maraɗi daga Faransa wutarsu ɗaya da tamu, bakin filogi ne kawai ya bambanta. Ƙaramin janareta wutarsa hawa da sauka take yi, don haka a ware kuɗin sitabilaiza tun farko. Mai sola da batir ya nemi inbata mai tatacciyar wuta, gama mai arahar takan sa amfilifaya gurnani. Ƙurar hunturu kuwa tana zama a kan idon leza, faifai ya riƙa tsalle. A rufe na'urar da zane bayan an kashe ta, amma ba sa'ad da take aiki ba.

Ɗaki ma yana da nasa. Ɗakin siminti mai rufin kwano wanda ba kome a ciki amsa kuwwa yake yi. Labule da darduma za su gyara shi da kuɗi kaɗan. A ɗaga lasifika daidai kunnen mai zama, a raba su kamar mita 2, a janye su kaɗan daga bango.

Faifan da aka kwafa a shago, wato CD-R, rini ne ke riƙe da sautinsa, zafi da rana suna cinye shi a hankali. Gefen da ake rubutu a kai ya fi gefen mai ƙyalli saurin lalacewa in an karce shi. A goge faifai da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a kewaye ba. Faifan da ba shi da na biyu kuwa, a kai shi ga mai kwamfuta ya kwafe shi a WAV ko FLAC, waɗanda ba su rage kome, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin ɗan'uwa a Sakkwato.