Lagireton Asali: Abin Da Mai Farfaɗo Da Tsohuwar Fijo Ya Kamata Ya Sani

A garejoji na Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, akan ga tsohuwar Fijo 504 an ɗage ta bisa duwatsu ana yi mata gyara tun daga tushe. Masu irin wannan mota sukan kashe kuɗi wajen fenti da kujeru, su bar lagireto sai ƙarshe. Ga shi kuwa shi ke riƙe da ran inji.

Ita dai 504 an fara ƙera ta a Faransa cikin 1968. Kamfanin Fijo na Kaduna ya soma harhaɗa motoci cikin 1975, kuma bai daina fito da 504 ba sai cikin 2006. Watau ko mafi ƙuruciyarsu ta kusa shekara ashirin, wasu kuwa sun doshi hamsin.

Dalilin da ya sa zafi ke da haɗari gare ta shi ne, gangar injin mai shan fetur ta baƙin ƙarfe ce, amma kansa na alminiyam ne. Idan ruwa ya tafasa, kan injin yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Gyaran wannan ya ninka kuɗin lagireto nesa ba kusa ba.

Lagireton da tsofaffin motoci suka zo da shi na jan ƙarfe ne da tagulla, an liƙe shi da dalma. Yawancin sababbin da ke kasuwa kuwa na alminiyam ne da tankin roba, an matse su da haƙoran ƙarfe. Mai kyau daga cikinsu yana sanyaya inji sosai, ba a musu. Amma idan tankin roba ya tsage, da wuya ya gyaru, sai dai a sake wani. Na jan ƙarfe kuwa mai gyaran lagireto yana iya narke dalmar, ya buɗe tankin, ya zura siririn ƙarfe ya share bututan ɗaya bayan ɗaya, ya mayar ya liƙe. In ma saƙar tsakiyar ta ruɓe, ana iya sa sabuwa a bar tankunan asali da ƙafafunsu.

Saboda haka matakin farko shi ne kada a yar da tsohon. Sau da yawa lagireton asali da ake nema har kasuwar Ladipo yana nan a gaban motar, wanki da liƙi kawai yake bukata. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun san darajar jan ƙarfe, shi ya sa suke saurin taya shi.

To, idan ya zama lalle sai an saya, a tafi kasuwa da tsohon a hannu, a jera su. A auna tsawo da faɗi da kauri. A duba bakin tiyo na sama da na ƙasa, ko suna gefe ɗaya kuma girmansu ɗaya. A duba ramukan ɗauri, da ramin da ake ɗaura na'urar da ke tada fanka in tsohon yana da shi. A leƙa ta bakin murfi a ƙirga layukan bututu, kada a karɓi mai layi kaɗan a madadin mai layi da yawa. Kuma a gaya wa mai kaya irin injin, domin na fetur dabam, na dizal dabam.

Tambarin zaki a jikin kwali ba shaida ba ce, don kwali kowa na iya bugawa. Haka nan sabon baƙin fenti a kan na hannu yakan ɓoye tsatsa da tsohon liƙi. A ɗan kankare gefen tanki, tagulla za ta nuna rawaya. A ɗaga a ji nauyi, na jan ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi ƙwarai. A shafa ƙananan fukafukan da ke tsakanin bututan. In suna marmashewa, kayan ya mutu. Sa'an nan a toshe bakunan, a hura iska, a tsoma shi cikin ruwa. Duk inda kumfa ya taso, nan ne yake yoyo.

Murfin ma ba abin rainawa ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, amma murfin lagireto yana riƙe matsi don ruwan ya wuce haka bai tafasa ba. A jikinsa akwai lambar matsin da aka ƙera shi a kai. Mai rauni yakan sa ruwa ya zube cikin cunkoson motoci, wanda ya fi ƙarfi kuwa yana iya fasa tsohuwar dalma. A sayi mai lamba daidai da ta asali.

Har ila yau akwai al'adar wasu kanikawa ta cire tamostat, watau bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai don ƙasarmu da zafi. Cire shi ba ya maganin lagireton da ya toshe. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya yi saurin lalacewa.

Bayan an ɗaura, a sake tiyo da fambel, kuma a kula da abin da ake zubawa. Ruwan rijiya da na burtsatse sukan bar ɓawo cikin bututai. A yi amfani da ruwan lagireto mai maganin tsatsa, kuma kada a buɗe murfi inji na da zafi.

Wanda ke da niyyar tafiya gida da ita lokacin Salla, ya fara gwada ta cikin gari na 'yan kwanaki, idonsa na kan allurar zafi. Gara a gane yoyo a Mushin da a gane shi a kan hanyar Jebba da iyali cikin mota.