Koɗewar Fenti Mafarin Tsatsa Ce

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora, ko a bakin titin Tudun Wada lokacin kaka, zai ga jerin tireloli da motocin katako ɗauke da masara da shinkafa, wasu sun nufi Kano, wasu za su ratsa dajin Falgore zuwa Jos. Da yawansu fentinsu ya koɗe, shuɗi ya koma toka-toka, ja ya yi fari. Masu su kan ce ai inji ke jan kaya. Gaskiya ne, amma a kan ƙarfe injin yake zaune, fenti kuwa shi ne rigar ƙarfe.

Rana ce ke fara ɓarnar. Haskenta da iska suna cinye sinadarin da ke riƙe launi, har saman fentin ya zama gari. Idan ka shafa tafin hannu ya fito da fari kamar alli, to abin ya fara. Ƙurar hunturu na ƙara kankare shi, musamman idan yaron mota ya goge ta da busasshen tsumma. Sabulun gari da ake wanki da shi yana wanke man da ke kare fentin. Sai damina ta zo, ga shi ruwan Tudun Wada da Doguwa ya fi na arewacin jihar yawa, ga takin zamani da motocin ke ɗauka yana cin ƙarfe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka tsatsa take.

Yawancin wannan koɗewar tana gyaruwa ba tare da sabon feshi ba. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa wurin da ruwa. In launin ya dawo kafin ya bushe, fentin na da sauran rai. A wanke motar a inuwa, a murza ta da man goge fenti mai ɗan kaushi, kaɗan-kaɗan, har garin ya fita. Inda ya yi kauri a fara bi da samfefa mai laushi, lamba 1500 ko 2000, tare da ruwa. Daga nan a bi da man ƙyalli, a rufe da man kaki, a kuma riƙa sabunta shi kafin damina da bayanta. Haka masu ɗakunan kwana da mota ke ja suke yi wa nasu a Amurka da Turai.

Sai dai a yi hattara, domin kowace murza tana rage kaurin fenti. Wanda ya matsa a gefe ko kusurwa zai iske ƙarfe. In kuwa fentin ya fara saɓulewa ko ya yi ƙuraje, tsatsa ta riga ta shiga, sai a kankare har ƙarfe, a yi fentin ƙasa, sannan a fesa sabo.

Mota a wannan yanki jarin gida ce, wani lokaci ma ta bashi ce. Ranar sayarwa, jikinta mai saye zai fara dubawa kafin ya ji ƙarar inji. Ya kamata shugabannin direbobi a tashoshinmu su koya wa yaran mota wannan aiki, tun da wuni guda na guga ya fi sauƙi a kan makonni a garejin mai walda.