Mauritius: Tsibirin da tuƙar rake ke haska gidaje, amma gonakin na ƙara raguwa

Daga watan Yuni zuwa Disamba na kowace shekara, manyan motoci maƙare da rake ba sa yankewa a kan titunan Mauritius, ƙasar da ke tsakiyar Tekun Indiya, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar kudu maso gabashin Afirka. Sukari ake nema a cikin raken, sai dai abin da ya saura bayan an matse ruwan, wato tuƙa, shi ma yana da nasa aikin: da shi ake samar da wani kaso na wutar lantarkin da jama'ar ƙasar kusan miliyan 1.3 ke amfani da ita.

Mauritius ba ta da man fetur, ba ta da iskar gas, ba ta haƙo kwal. Babu kuma wata maƙwabciya da za ta jawo wuta daga wurinta idan tata ta gaza, domin ruwa ne ya kewaye ta. Duk wutar da za a kunna, a cikin tsibirin za a samar da ita, kuma mafi yawan makamashin da ake ƙonawa a jirgin ruwa yake zuwa. Shi ya sa batun lantarki da batun abinci suka zama kamar ɗanjuma da ɗanjummai a ƙasar.

Yadda masana'antar sukari ta zama tashar wuta

Masu yin mazarƙwaila sun san cewa busasshiyar tuƙa na cin wuta, har takan dafa ruwan raken da aka matse daga jikinta. Wannan dabarar ce Mauritius ta faɗaɗa.

Idan aka matse rake, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa tuƙa ne. Ana zuba ta a manyan tukwane ta ƙone, ruwa ya tafasa ya zama tururi mai ƙarfi, tururin ya juya injin da ke samar da lantarki. Daga nan tururin da ƙarfinsa ya ragu sai a mayar da shi cikin masana'anta ya dafa ruwan rake har ya zama sukari. Da makamashi guda an yi aiki biyu. Masana'anta ta ɗebi wutar da take buƙata, ragowar kuma a sayar wa hukumar lantarki ta ƙasar, CEB.

Tun a 1957 masana'antar St Antoine ta fara tura rarar wutarta ga layin ƙasa. A 1991 gwamnati ta ƙaddamar da shiri na musamman kan makamashin tuƙa, sannan a shekarar 2000 aka buɗe tashar Belle Vue mai ƙarfin megawat 70 a arewacin tsibirin. A yau masana'antun sukari uku ne suka rage: Terra a arewa, Alteo a gabas da Omnicane a kudu, kuma kowace na da tashar wuta a gefenta.

Watannin da babu rake

Matsalar ita ce rake yana da kaka. Da zarar an kammala girbi a Disamba, tuƙa ta ƙare, tashoshin sai su koma ƙona kwal, wanda akasari daga Afirka ta Kudu ake kawo shi. Kuma a daidai wannan lokacin ne zafi ke tsananta a Mauritius, otal-otal suna cika da baƙi, na'urorin sanyaya ɗaki da firji suna aiki dare da rana. Wato lokacin da aka fi buƙatar wuta shi ne lokacin da makamashin gida ya yi ƙaranci.

An ga haɗarin hakan a 2022. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine farashin kwal ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, har kamfanin Terragen da ke gudanar da tashar Belle Vue ya dakatar da samar da wuta da kwal na wani lokaci, yana mai cewa kuɗin da ake biyansa ba ya mayar da abin da yake kashewa. Nauyin ya koma kan tashoshin CEB masu ƙona baƙin mai, irin su Fort George da Fort Victoria da ke Port Louis, babban birnin ƙasar.

Kifi da ɗakunan sanyi

Ba sukari kaɗai ke dogaro da wutar ba. Kifin tuna na gwangwani yana cikin manyan kayan da Mauritius ke fitarwa, musamman zuwa Turai. Ana sauke kifin a daskare a tashar jiragen ruwa ta Port Louis, a adana shi a ɗakunan sanyi, kafin masana'antu irin su Princes Tuna, mai ɗauke da dubban ma'aikata, su narkar da ƙanƙarar, su dafa, su rufe a gwangwani. Idan sanyi ya katse kifin ya ɗumama, ba lalacewa kawai zai yi ba, yakan tara sinadarin da ke sa mutane rashin lafiya, kuma dafawa ba ta kawar da shi. Masu saye a Turai ba sa karɓar irin wannan kaya.

A ɗaya ɓangaren, ƙasar tana shigo da kusan kashi uku cikin huɗu na abincin da take ci: shinkafa, alkama, madara, nama da man girki. Nama da kayan madara a kwantenoni masu sanyi suke zuwa, kuma dole a jona su da wuta tun daga tasha har zuwa kanti. Duk ƙarin da aka yi wa kuɗin wuta yana biyo kayan har cikin kwandon mai cefane.

Ga kuma guguwar teku da ke ziyartar tsibirin tsakanin Nuwamba da Afrilu. A Janairun 2024 guguwar Belal ta haddasa ambaliya a Port Louis, ta kuma bar dubban gidaje cikin duhu. A irin wannan rana, janareta ne kawai ke tsakanin mai shago da asarar kayansa.

Gonakin na komawa gidaje

Babban abin da ke damun hukumomi shi ne raguwar raken kansa. Shekaru da dama Tarayyar Turai tana sayen sukarin Mauritius a farashi mai tsoka ƙarƙashin wata yarjejeniya. An zaftare farashin da kashi 36 cikin 100, yarjejeniyar ta ƙare a 2009, sannan a 2017 Turai ta cire iyakar da ta sanya wa manomanta masu noman sukari. Riba ta ragu, ƙananan manoma da yawa suka bar gonakinsu, wasu filayen kuma aka gina gidaje da kasuwanni a kansu.

A farkon shekarun 2000 ƙasar na samar da sukari kusan tan 600,000 a shekara. A 'yan shekarun nan bai kai tan 300,000 ba. Raguwar rake na nufin raguwar tuƙa, raguwar tuƙa kuma na nufin ƙarin kwal da ƙarin kuɗin waje da za a kashe.

Manoma sun daɗe suna kukan cewa masu tashoshi ne ke cin moriyar tuƙar raken da su suka noma. A 2021 gwamnati ta tsayar da rupi 3.50 a kan kowane yunit na wutar da aka samar da tuƙa, domin manomi ya ga ribar ci gaba da noma. Ana kuma tattara busasshen ganyen rake da a da ake bari a gona domin ƙarawa a tukwane.

A shekarar dai gwamnati ta yi alƙawarin cewa zuwa 2030 kashi 60 cikin 100 na wutar ƙasar zai fito ne daga makamashin da ake sabuntawa, kuma za a daina ƙona kwal. Amma kason bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba tukuna. Ana ta kafa tashoshin sola da manyan batura, sai dai ɗakin sanyi ba ya hutawa idan rana ta faɗi, ita kuwa tuƙa ana iya ƙona ta da tsakar dare.

Don haka cika wannan alƙawari bai tsaya ga injiniyoyin CEB kaɗai ba. Ya rataya kuma a kan ƙaramin manomin da ke lissafin ko ya sake shuka rake a bana, ko ya sayar da gonar ga masu gine-gine.